BABI NA UKU: HANKALI DA JI A TAUHIDIN MALAMAN ƘASAR GWANDU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda malaman tauhidi na ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama suke cikinta, suka ɗauki matsalar hujja a kan samuwar Allah da kuma sha'anin lahira. Za a kwatanta matsayin nasu da na masu cewa ɗan Adam ba shi da hanyar sanin waɗannan abubuwa. Abin da babin yake son nunawa shi ne, malaman ba su zuba Allah da lahira a ma'auni ɗaya ba. Samuwar Allah sun ce hankali yana iya kai wa gare ta, amma lahira sun ce ji ake yi, wato labari ne daga Manzo. A wannan rabe-raben ne saɓaninsu da mai shakka yake, ba a inda mutane da yawa suke zato ba.

3.1 Ma'anar Aƙidar "Ban Sani Ba"

Turawa suna kiran mai wannan aƙida agnostik. Wani masanin kimiyyar halittu ɗan Ingila, Thomas Huxley, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1869 daga harshen Girka, ma'anarta kuwa wanda ba shi da sani. Huxley bai ce babu Allah ba. Abin da ya ce shi ne, bai kamata mutum ya yi da'awar tabbas a kan abin da ba zai iya kafa masa hujja ba. Ke nan akwai bambanci tsakaninsa da mulhidi, wanda ya yanke cewa babu mahalicci. Larabawan zamani sun fassara kalmar da la'adariyya, daga "la adri", wato ban sani ba. A wannan nazari za a riƙa cewa aƙidar "ban sani ba".

Ita kalmar la'adariyya ta girmi Huxley da ɗaruruwan shekaru. Taftazani (ya rasu 1390), a sharhinsa na Aƙidar Nasafi, ya kasa masu musun ilmi kashi uku: masu cewa babu wata haƙiƙa sam, da masu cewa haƙiƙa tana bin ra'ayin kowa, sai kuma la'adariyya masu shakkar kome, har da shakkar tasu. Sai dai waɗancan na dā shakkarsu ta haɗa har da abin da ido yake gani, shi kuwa Huxley ya yarda da kimiyya, gaibi kaɗai ya tsaya a bakinsa.

Bahaushe yana da kalmomi da dama a wannan fage: shakka, kokwanto, tababa, wasuwasi, zato, da yaƙini ko sakankancewa. Malamai sun jera su bisa nauyi. Idan ɓangarori biyu suka yi daidai a zuciya, shakka ke nan. Idan ɗaya ya rinjaya, mai rinjayen zato ne, wanda aka rinjaya wahami. Idan babu sauran ɗaya ɓangaren, an sami yaƙini. A wurinsu imani ba ya inganta sai da yankewar zuciya, don haka mai shakka ba mumini ba ne. Amma sun fitar da wasuwasi daga wannan hukunci, saboda hadisin da Muslim ya ruwaito na sahabban da suka kai kuka ga Annabi (SAW) game da tunanin da ke faɗo musu wanda suke jin nauyin furta shi, ya kuwa nuna musu cewa wannan jin nauyin alamar imani ce. Haka kuma "Allahu a'alamu" da "sanin gaibu sai Allah" da ake ji a bakin kowa ba aƙidar "ban sani ba" ba ce, domin mai faɗar su ya riga ya tabbatar da akwai Masanin.

3.2 Littattafan Sanusi da Hujjar Hankali

Ɗalibin makarantar zaure a wannan yanki yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan Risala. Ahalari ya buɗe ne da wajabcin gyara imani kafin kome, Risala kuma ta fara da babin aƙida. Amma littafin da ya zama ginshiƙin tauhidi a Afirka ta Yamma shi ne Ummul Barahina, wanda ake kira Sugura, na Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi mutumin Tilimsan (ya rasu 1490). Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙi Gwandu har rasuwarsa a 1829, ya ambata a cikin Ida'un Nusukhi cewa ya karanci tauhidi daga littattafan Sanusi a wurin yayansa Shehu Usmanu. Ke nan wannan tafarki shi ne na gidan da ya kafa masarautar.

Sanusi ya fara ne da hukuncin hankali, ya ce uku ne. Akwai wajibi, abin da hankali ba ya sawwala rashinsa, kamar ɗaya ya zama rabin biyu. Akwai mustahili ko korarre, abin da hankali ba ya sawwala samuwarsa, kamar abu ya kasance yana motsi yana kuma tsaye a lokaci guda. Akwai ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duk suna iya yiwuwa, kamar a yi ruwa gobe a Maiyama ko kada a yi. Daga nan ya kawo siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, farkonsu samuwa, da daɗewa marar farko, da wanzuwa, da saɓa wa fararru, da tsayuwa da kai, da kaɗaitaka.

Hujjar samuwa ita ce ta fi shafar wannan nazari. A taƙaice ga yadda take. Duk wani jiki a duniya ba ya rabuwa da halaye masu sauyawa, kamar motsi da tsayawa, zafi da sanyi. Waɗannan halaye fararru ne, domin ana ganin zuwansu da tafiyarsu. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Fararre kuwa, tun da samuwarsa da rashinsa daidai suke a hankali, dole a sami wanda ya rinjayar da samuwar a kan rashin, kamar yadda sikelin mai awo ba ya karkata ɓangare ɗaya sai an aza wani abu. Idan aka ce shi ma mai farar da shi fararre ne, to sai a buƙaci wani, shi ma wani, ba iyaka, ko kuma a yi ta kewaya a dawo kan na farko. Malamai suna kiran waɗannan biyun tasalsuli da dauri, duka kuma korarru ne a wurinsu. Saboda haka sai an tuƙe ga Wanda ba shi da farko.

Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wannan hujja ba ta tsira daga suka ba, har a cikin Musulmi. Ibnu Rushdi (ya rasu 1198) ya ce wasu daga cikin matakanta ba su kai yaƙini ba, kuma sun fi ƙarfin talaka. Shi ya fi son a kafa hujja da yadda aka tsara halitta ta dace da rayuwar ɗan Adam. A Turai kuma David Hume da Immanuel Kant, a ƙarni na 18, sun yi jayayya a kan ko dokar sababi da muke gani a cikin duniya za a iya ɗora ta a kan duniyar baki ɗaya. Daga wannan jayayya ne Huxley ya sha ruwa. Mai wannan nazari yana ganin matakin da ya fi buƙatar aiki shi ne korar tasalsuli, domin a nan ne mai shakka yakan tsaya, littattafan farko na zaure kuwa sukan wuce shi da layi ɗaya.

3.3 Rikicin Mukallidi

Tun da an ce sanin Allah da hujja wajibi ne, sai tambaya ta taso: mene ne hukuncin wanda ya yi imani don ya taso ya ga iyayensa da malamansa a kai, bai san hujja ba? Shi ne ake kira mukallidi. Malaman kalam sun saɓa. Wasu sun ce imaninsa bai inganta ba. Wasu sun ce mumini ne amma mai saɓo idan yana da ikon yin nazari ya ƙi. Wasu sun ce mumini ne ba laifi a kansa. Har an sami Abu Hashim na Mu'utazilawa (ya rasu 933) da aka ruwaito cewa ya ɗauki shakka a matsayin farkon wajibi, domin ita ke tura mutum neman hujja. Sanusi kansa ya tsananta a kan mukallidi, musamman a babban littafinsa na Kubura.

A ƙasar Hausa wannan saɓani bai tsaya a takarda ba. A ƙarni na 17 Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu, wani malamin Fulani a Bagarmi, ya rubuta Manhajul Faridi a kan Sugura, wanda ya samo asali daga karantarwar da ake yi da Fulatanci mai suna kabbe (van Dalen, 2016). Zuwa zamanin Shehu Usmanu (1754–1817) an sami wasu ɗalibai da suka riƙi wannan karatu suka mai da shi ma'aunin Musulunci. Sukan titsiye mutum da tambayoyin tauhidi, idan ya kasa amsawa yadda yake a littafi sai su ce kafiri ne. Muhammadu Bello ya ba da labarinsu a Infaƙul Maisuri (1812), ya nuna har sun kai ga hana cin yankan talakawa da auratayya da su, ya kuma ce Shehu ya yi wallafe-wallafe fiye da hamsin yana raddi gare su. Daga cikin littattafan Shehu da suka taɓo wannan batu akwai Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Hisnul Afhami.

Matsayin Shehu shi ne, wanda ya furta shahada ya bayyana Musulunci ana yi masa hukuncin Musulmi a zahiri, abin da ke zuciya kuwa na Allah ne. Annabi (SAW) da sahabbai ba su taɓa tsare wanda ya musulunta suna tambayarsa jauhari da arali ba. Haka kuma talaka ba fanko ba ne, yana da hujja a dunƙule ko da bai iya warware ta ba. Manomin albasa a fadamar Aliero da ya dubi iri ɗan ƙanƙane ya zama lawashi ya yi kai, ya ce wannan ikon Allah ne, ya kafa hujja da fararre a kan mai fararwa, ko da bai taɓa jin sunan Sanusi ba. Warware hujja daki-daki da tunkuɗe shubuha farali ne na kifaya, wasu suna ɗauke wa wasu. A wannan Shehu ya bi sawun Gazali (ya rasu 1111), wanda ya ba da labarin shakkar da shi kansa ya shiga a Munƙizu minal Dalali, ya kuma rubuta Iljamul Awami don a kame talakawa daga zurfafa cikin kalam.

Dalilin da ya sa wannan mas'ala ta yi zafi shi ne, a wancan zamani kiran mutum kafiri yana da sakamako a kan jininsa da dukiyarsa da 'yancinsa (Last da Al-Hajj, 1965). Mutanen Jega ba su buƙatar a yi musu dogon bayani. Gimbana, garin Malam Abdussalami da rundunar Gobir ta afka wa gab da hijirar Shehu ta 1804, tana nan kusa da su. Bayan rasuwar Shehu, shi Abdussalamin ya saɓa da Bello, aka yi yaƙi ya rasa ransa a 1818, Bello kuma ya rubuta Sardul Kalami yana kare hukuncin da ya yanke a kansa. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a farkon shekarun 1820, a ƙarƙashin Gwandu. Rikicin Abdussalami ba na kalam ba ne, na biyayya ne da jiɓintar abokan gaba, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce dai waccan: wa ke da ikon fitar da mai shahada daga Musulunci, kuma da wace hujja?

3.4 Lahira: Abin da Ake Ji

Malaman tauhidi sun kasa fannin gida uku: ilahiyyat, abin da ya shafi Allah, da nubuwwat, abin da ya shafi annabawa, da sam'iyyat, wato jiyayyu. Tambayar kabari, tashin ƙiyama, hisabi, mizani, siraɗi, aljanna da wuta duk suna cikin kashi na uku. Sunan kansa ya isa bayani. Ba su ce hankali shi kaɗai yana tabbatar da siraɗi ko mizani ba. Iyakar aikin hankali a nan ya nuna cewa tashin matattu ja'izi ne, ba korarre ba, domin wanda ya fara halitta ba zai gaza maimaita ta ba, kamar yadda ƙarshen Suratu Yasin ya nuna. Amma yiwuwar abu daban, aukuwarsa daban. Abin da ya fitar da lahira daga "tana iya yiwuwa" zuwa "tabbas za ta auku" shi ne labarin mai gaskiya.

To, ta yaya ake sanin mai gaskiya ne? Amsarsu ita ce mu'ujiza, kuma suna da misali sananne a kanta. A ɗauka mutum ya miƙe a fada, gaban jama'a, ya ce sarki ya aiko shi da saƙo gare su, alamar gaskiyarsa kuwa sarki zai saɓa al'adarsa ya tashi ya zauna sau uku. Idan sarki ya yi hakan, ko bai ce uffan ba, kowa ya san ya gaskata shi. Mu'ujiza a wurinsu haka take. Mu kuma da ba mu halarci fadar ba, labarin ya iso mana ta tawaturi, wato ruwayar jama'a masu yawa daga jama'a masu yawa waɗanda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Da irin wannan ne tsohon da bai taɓa wuce Jega ba ya sakankance akwai Legas.

A nan mai aƙidar "ban sani ba" yana da magana. Zai ce, masu ba da labarin Legas sun je sun gani sun dawo, har da tsaraba, gani kuwa ya kori ji. Wa ya je lahira ya dawo? Malamin tauhidi ba zai musa wannan ba. Zai ce tawaturi ba lahira yake tabbatarwa kai tsaye ba, yana tabbatar da cewa Annabi ya zo, ya faɗi haka, ya kuma zo da Alƙur'ani ya yi ƙalubale da shi. Sauran duk ya rataya ne a kan gaskiyar annabci. Idan aka bi zaren da kyau za a ga cewa ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kan cewa ido da hankali kaɗai ba su kai wa ga lahira. Inda suka rabu shi ne ko wahayi hanyar sani ce ko ba hanyar sani ba ce. Ko Ibnu Sina ya ce tashin jikkuna ta hanyar shari'a ake karɓarsa, duk da cewa Gazali ya tuhumi masu falsafa da musunsa a Tahafutul Falasifa.

Malaman sun kuma yarda cewa yaƙini hawa-hawa ne: na sani, da na gani, da na ɗanɗanawa. Wanda aka gaya wa kasuwar Jega tana ci, da wanda ya hango ta daga bakin gada, da wanda ke tsakiyarta yana ciniki, duk sun tabbata, amma ba ɗaya suke ba. Suna kafa hujja da aya ta 260 a Suratul Baƙara, inda Annabi Ibrahimu ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, ba don bai yi imani ba, sai don zuciyarsa ta natsu. Ke nan neman ƙarin hujja ba laifi ba ne a kan kansa.

Wannan ne kuma ya sa adabin lahira a Hausa ya fi karkata ga siffantawa. Waƙoƙin wa'azi irin su Gangar Wa'azu da Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ba su tsaya kafa hujjar cewa akwai lahira ba. Sun ɗauka mai sauraro ya riga ya yarda, matsalarsa gafala ce, don haka suke kusanto masa da kabari da wuta har ya ji kamar yana gani (Hiskett, 1975).

3.5 Halin da Ake Ciki

A Turai muhawarar ta ɗauki wani salo. William Clifford a 1877 ya ce laifi ne mutum ya gaskata abu ba da isasshiyar hujja ba, ya ba da misali da mai jirgin ruwan da ya danne shakkarsa game da lafiyar jirgi ya tura shi teku da fasinjoji. William James ya mayar masa da martani a 1896 cewa akwai tambayoyin da ba a iya jinkirta su, ƙin zaɓa ma zaɓi ne. Abin lura shi ne Clifford, duk da ba mai addini ba ne, ya yi kama da masu tsanantawa a kan mukallidi ta fuskar ɗora wa kowane mutum nauyin hujja.

A nan gida kuwa abubuwa biyu sun sauya. Na farko, tun bayan fitowar Al'aƙidatus Sahiha ta Shaihu Abubakar Gumi a 1972 da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, an sami masu karantar da tauhidi bisa kashi uku na rububiyya da uluhiyya da sunaye da siffofi, suna kafa hujja da aya da hadisi kai tsaye, suna kuma ƙyamar kalam. Muhawara ta koma kan shirka da bidi'a tsakanin waɗanda duk sun yarda da Allah da lahira, karatun hujjar hankali kuma ya ja baya. Na biyu, ilmin boko da intanet sun kawo tsofaffin tambayoyin cikin sabuwar riga. An kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero a 2006, ɗalibin da ke karanta kimiyyar halittu a can yana iya cin karo da Darwin da safe, ya ci karo da mulhidi a Facebook da dare.

Bayyana irin wannan ra'ayi a fili yana da haɗari. Mubarak Bala, shugaban ƙungiyar masu aƙidar ɗan'adamtaka ta Nijeriya a lokacin, wanda ya bayyana kansa a matsayin mulhidi, an kama shi a Kaduna a 2020 saboda rubuce-rubucensa na Facebook. Babbar kotun jihar Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Nasa ya haɗa da maganganun da jama'a suka ɗauka ɓatanci ne, don haka bai kamata a cuɗa shi da ɗalibin da tambaya kawai take damunsa ba. Sai dai a idon jama'a ba kasafai ake bambancewa ba, wannan kuwa yana sa mai tambaya ya haɗiye tambayarsa, ko ya kai ta inda babu malami. Mai wannan nazari ya taɓa zama a wani zaure inda wani yaro ya tambayi yadda aka san akwai azabar kabari alhali ana tone tsofaffin kaburbura ba a ga kome ba. Manyan ɗalibai suka yi masa ca. Malamin ya tsawata musu, ya ce wannan tambaya tana cikin littattafai tun dā, ya buɗe babin sam'iyyat ya ba shi misalin mai barci da ke shan wuya a mafarki na kusa da shi bai sani ba. Yaron ya ce misalin ya nuna abin yana iya yiwuwa ne kawai. Malamin ya ce haka ne, sauran sai an koma babin annabci, ya ce ya dawo gobe bayan la'asar.